Littafin Lissafin Tashinmu Daga Badun

Da akwati ɗaya da 'yan kwallaye aka kai ni Ibadan amarya a 2004. Ranar da zan baro ta, bayan shekara 19, sai da tirela ta ɗauki kayana. Tsakanin ranar da maigidana ya ce mu koma gida da ranar da na kwana a ɗakina na ƙauye wata takwas ne cif. Labarin waɗannan watanni nake so in bayar, ko Allah zai sa ya amfani wata da ke shirin tashi.

Ƙauyenmu yana ƙasar Ringim, a Jigawa, kamar kilomita 7 daga bakin kwalta. Ba zan faɗi sunansa ba, don wasu da zan taɓo suna nan da ransu, kuma gobe ma a gidan suna za mu haɗu. A Ibadan, wadda iyayenmu ke ce wa Badun, Malam, maigidana, fataucin albasa da tattasai yake yi a kasuwar Sasa. Ni kuma ina suyar ƙosai da safe a ƙofar gida, har Yarbawan unguwa ba su san ni da wani suna ba sai Iya Alakara, wato mai ƙosai. Da rana in ƙulla zoɓo da kunun aya in jera a firiza, da dare in hau keken ɗinki. 'Ya'ya shida Allah Ya ba mu, duk a can aka yanke musu cibiya.

Rikicin Sasa na watan Fabrairun 2021 ya cinye rumfar Malam da buhunan albasar da ko kuɗinsu bai gama biya ba. Mun tsira da rai, alhamdulillahi, wasu ba su tsira ba. Ya koma wata kasuwa a hanyar Oyo yana lallaɓawa, amma tun ranar zuciyarsa ta bar Kurmi. Kullum maganarsa gida biyu maganin gobara. To sai ga ambaliyar daminar 2022 ta zo ta kwantar da gidan na biyun: ɗakunan ƙasa biyu da ya gina a gidan gadonsu suka zube. Ya tafi jaje a Oktoba, ya tarar da Inna, mahaifiyarsa, ido ya yi rauni, tana laluben bango kafin ta kai bakin randa. Daren da ya dawo ko tuwo bai gama ci ba ya ce, "Maman yara, mu koma gida."

Na ce, "To Malam, da nawa?"

Ya ce, "Dubu 300 ai ta kai mu har ta yi saura."

Ban yi masa musu ba a daren. Na san inda lissafinsa ya fito. Shi duk shekara da jaka ɗaya yake zuwa gida, ya biya kuɗin mota, ya sayi goro, ya tarar an dafa an ajiye masa. A ganinsa tashi shi ne wannan tafiyar, a ƙara mata motar kaya. Washegari na karɓi sabon littafi mai falle 40 a wajen 'yar fari, wadda ba na kama sunanta, na zauna da biro. Iyakar karatuna firamare ne da Islamiyya, amma wadda ta shekara goma sha tana auna wake da mai tana fitar da riba ba za a koya mata tarawa da ɗebewa ba.

Dabarar da na yi ita ce na rufe ido na yi tafiyar a zuci. Na fito da kaya ƙofar gida: wa zai ɗora su a mota, nawa zai karɓa? Mun sauka: a wane ɗaki za mu kwana? Gari ya waye: me zan ɗora a murhu? Sai na ga tafiyar ba ta ƙare a ranar sauka ba. Kasko ba zai fara kawo kuɗi a ranar ba, gona kuwa sai ta ga dama. Ashe dole in ci gaba da tafiya a zuci har ranar da geron Malam zai shiga rumbu. Duk abin da za mu ci, mu sha, mu saka tsakanin sauka da kaka, kuɗin tashi ne, ko da yake babu direban da zai tambaye shi.

Da na gama, shafin farko ya nuna motar kaya dubu 120, kuɗin motarmu dubu 78, gyaran ɗakuna da bayan gida dubu 250, hatsi dubu 135, tsaraba dubu 40, kayan makarantar yara dubu 30. A ƙasa na ƙara dubu 60 na rubuta musu "kuɗin Allah Ya kiyaye". Jimla ta haura dubu 700. Da na nuna wa Malam sai ya riƙe baki, ya ce, "Ke Makka za ki kai mu?" Layin tsaraba ya fara kai wa biro zai soke. Na ce masa shi namiji ne, zai zauna a dakali a gaisa a watse. Ni ce zan shiga gida-gida, ni ce matan dangi za su cika wa ɗaki suna kallon hannuna. Shekara 19 a Kurmi ka dawo hannu yana dukan cinya, wannan magana har jikokinka sai sun ji ta. Ya bar layin.

A cikin duk abin da na rubuta, hatsi ne abin da har yau nake gode wa Allah da Ya nuna min shi da wuri. Wanda ya tashi a ƙauye ya san yadda farashi ke tafiya: da kaka kowa ya fito da nasa don biyan bashi da aurar da 'ya, hatsi ya faɗi warwas. Da marka kuwa, rumbuna sun yi ƙasa, sabo bai nuna ba, kwano ɗaya sai ya nemi kuɗin biyu. Mu kuma shirinmu mu sauka gab da faɗuwar damina don Malam ya samu shuka, ke nan za mu faɗa cikin tsadar da baki takwas. Don haka a Nuwamba na fasa asusuna, Malam ya cika, muka tura wa yayansa kuɗi ya sayo mana buhu shida a kasuwar Gujungu, gero huɗu dawa biyu, ya ajiye a ɗakinsa. Ku riƙe wannan lamba ta shida, za mu dawo kanta.

Kuɗin rufi daga adashi ya fito. Mu goma ne, zubin dubu 10 duk wata, ɗaukata kuma sai Agusta. Na je na sami uwar adashi na gaya mata gaskiya cewa tashi zan yi, ina son a dawo da ni gaba. Ta yi shiru, don ta sha ganin wadda ta kwashe ta ɓace. Sai da Malam ya tsaya min a gaban mijinta, sannan aka ba ni ɗaukar Disamba. Da ita aka sayi kwanon rufi da katako. Abin da ban rubuta ba a littafi shi ne cewa zubi biyu na ƙarshe za su biyo ni har ƙauye, a watannin da ba ni da ko sisi na shigowa.

Sai batun me za a ɗauka, me za a sayar. Ma'aunina ɗaya ne: abin nan zai yi aiki a can? In zai yi, ɗaukarsa ta fi sayen wani sauƙi? Turmi da taɓarya suka faɗi nan take, ba a kai wa ƙauye turmi. Kujerun kushin sun ci wuri, ga su sun tsufa. Gado da katifu da keken ɗinki suka haye. Kwallayen aurena sun fi komai nauyi, ba su da wani amfani sai ado, amma ban ko sa su a ma'auni ba, wanda ya isa ya ce wani abu. Firiza ce ta ba ni wahala. Ita ta biya kuɗin makarantar yara shekara da shekaru, amma ƙauyenmu ko turken wuta babu. Na sayar da ita da ƙaramin janareta, na ware kuɗin farantin sola da fitila biyu daga ciki. Ranar da aka ɗora ta a baro na shige ɗaki don kada yara su ga idona.

A nan na yi wayo ɗaya, na kuma yi wauta ɗaya. Wayon shi ne na fara sayar da kaya tun Disamba, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da na ce tashi zan yi ba. Mai saye in ya ji kana da ranar tafiya, shi ma sai ya jira ranar, ya taya maka abin da ya ga dama, don ya san ba za ka ɗora kujera a ka zuwa Kano ba. Firiza na sayar da daraja. Sauran tarkacen da na bari sai makon ƙarshe kuwa, kusan kyauta na bayar. Wautar ita ce bakina bai riƙe maganar ba har mu gama karɓar bashi. Na gaya wa ƙawa ɗaya, ita ma ta gaya wa ƙawarta ɗaya. Ranar da unguwa ta ji, wanda muke bi ya ɓace, wanda ke bin mu ya bayyana, har da mai gawayin da na manta da naira 700 ɗinsa.

Sana'ar albasa da bashi take tafiya. Mata su ɗauki buhu, su kasa, su biya bayan kwana biyu ko uku su ɗauki wani. Abin da ke sa a biya shi ne za a dawo ɗaukar na gaba. Da zarar an san babu na gaba, igiyar ta tsinke. Malam yana bin mutane sama da dubu 200, ni ina bin dubu 38 na ƙosai da ɗinki. Shi ya so mu lissafa su duka a matsayin kuɗin hannu, na ce rabi kawai zan rubuta. Ko rabin ba mu gani ba, abin da ya shigo bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Kada kuma wani ya ce halin Yarbawa ne. Wanda ya fi kowa riƙe mana kuɗi ɗan ƙasarmu ne, sahu ɗaya suke sallah da Malam.

Ana cikin haka sai canjin kuɗi ya zo. Aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin ƙarshen Janairun 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Duk abin da na tara na sayar da kaya tsofaffin takardu ne, a ƙulle cikin zani a ƙasan akwati. Dole aka buɗe min asusun banki a waya na zuba su. Shiga ba wuya, fita ce aiki. Tsabar kuɗi ta ɓace a gari, masu POS suna cire dubu ɗaya, wani lokaci biyu, a kan kowace dubu goma. Magininmu a ƙauye kuwa bai san wata tiransifa ba, leburorin da ke kwaɓa ƙasa ma haka. Sai mu tura wa wani mai shago a Ringim, ya cire nasa, ya ba yayan Malam abin da ya samu a hannu. Ginin da aka ce sati uku ya ci wata biyu. Cinikin ƙosai ma ya mutu, don ba mai tura maka naira 100 ta waya. Kafin watan Maris da Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, "kuɗin Allah Ya kiyaye" ya riga ya tafi rabi, ba mu ko ɗaure tabarma ɗaya ba.

Da farko mun sa bayan ƙaramar Sallah, ƙarshen Afrilu, daidai ƙarewar kuɗin hayarmu. Amma ɗaki ba rufi, ga 'yar fari za ta zauna jarrabawar WAEC a Mayu da Yuni. Wannan kam laifina ne, na san da jarrabawar tun Oktoba, ban haɗa ta da kalanda ba. Na je na durƙusa wa Baba mai gidanmu, dattijon Bayarabe da muka shekara 11 a gidansa. A ƙa'ida kuɗin shekara ake biya. Ya ce in biya na wata biyu kawai, Allah Ya kai mu lafiya. Malam ya riga mu tafiya a tsakiyar Mayu don sharar gona da tsayawa kan rufi. Dubu 13 ya biya zuwa Kano.

Ranar 29 ga Mayu aka rantsar da sabon shugaban ƙasa, a ranar aka ce tallafin man fetur ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Ina zaune ina jin rediyo, littafina a cinya, na san duk lambar da ke da alaƙa da taya ta zama ƙarya. Na aiki ƙanin Malam, wanda ke acaɓa a Ojo, ya tambayo min motar Kanta da za ta ɗauki kayanmu ita kaɗai har gida. Aka ce dubu 280, ba ragi.

Wani tsohon ɗan kamasho, abokin Malam, shi ya cece ni. Ya zo har gida ya zauna a kan benci ya ce, "Uwargida, kada ki yi shatar mota. Mota daga Arewa take zuwa a cike, ta koma da iska. Shanu, albasa, tumatir, hatsi, duk gangarowa suke. Mai komawa in ya sami goro ko manja ko katako ya gode Allah, in bai samu ba haka zai ƙona gas a banza. Ki jira satin Babbar Sallah, motocin raguna za su cika Kara, kasuwar dabbobi, kowane direba yana sauri ya je ya yi Sallah a gidansa. A nan ke ce mai tayi." Sallah ta kama Laraba, 28 ga Yuni. Jarrabawar yarinya kuma ta ƙare 'yan kwanaki kafin nan. Karo na farko ke nan da kalanda ta tsaya a gefena.

Ya samo mana wata tirela da ta sauke raguna daga Maigatari a Kara ta Akinyele, direban mutumin wajen Gumel ne, hanyarsa ta bi ta Ringim. Ya ce dubu 200. Na ce masa, "Malam direba, motarka gas take sha, tallafin fetur aka cire, ina ruwan biri da gada?" Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, gas nake sha, amma taya da dala ake sayenta, dala kuma ta tashi a watan nan. Tuwon da nake ci a Mokwa ma ya ji labarin fetur." Muka daidaita a dubu 150, rabi a wajen lodi, rabi in an sauke. La'adar ɗan kamasho dubu 10. 'Yan dako dubu 12. Sai wani kuɗi da ko a mafarki ban hango ba: motar da ta kwana uku da raguna, ƙasanta yashi ne da kashi da fitsari. Sai da na biya aka kwashe, aka wanke, na sayi tamfol biyu, ɗaya a shimfiɗa ɗaya a rufa saboda ruwan sama. Duk da haka katifuna sun yi wata guda suna warin rago.

Kayan na ɗaure su ƙunshi 31, kowanne na rubuta masa lamba da abin da ke ciki a littafi. Na sa yaro ya ɗauki hoton lambar motar, na karɓi lambar wayar direba da ta yaron mota. Kan keken ɗinki na cire na naɗe a bargo, ya tafi tare da ni. Takardun haihuwa, sakamakon makaranta, katin asibitin Malam na hawan jini da maganinsa na wata uku, duk a jakar hannuna. Ɗana na biyu, ɗan shekara 16, da ƙanin Malam suka hau motar kaya ranar Asabar. Duk wannan tsantseni na yi, amma magana ɗaya ta kuɓuce min. Na ce wa direba "har gida", ya ce "har gida in sha Allahu". Ban tambaye shi me yake nufi da gida ba.

Mu kuma Lahadi da asuba muka shiga bas. Kujerar da Malam ya biya dubu 13, dubu 22 aka ce, ga cunkoson masu tafiya Sallah. Kujera biyar na saya, ƙananan biyu suka raba ɗaya. Ɗan kunnena na gwal, wanda mahaifiyata ta ba ni, shi ya cike giɓin, na sayar da shi ana jibi tafiya. Matar Baba mai gida ta rako mu tasha da jarkar manja, muka rungume juna muna kuka kamar 'yan ɗaki ɗaya. Muka bi Oyo, Ogbomosho, Ilori, muka haye gadar Jebba. Daga Mokwa direba ya ƙi bin hanyar Birnin Gwari saboda tsaro, ya yanki ta Bida zuwa Suleja, hanya ta ƙara tsawo, ga ramuka. A Tafa muka kwana cikin mota. Abinci a hanya wuta ne, gara da na soya ƙosai da kaza na cika kula. Litinin da la'asar muka shiga Kano, muka yi shatar Keke Napep biyu zuwa tashar Yankaba, muka kama motar Ringim ta Gezawa. Da isha muka shiga ƙauye a kan babura huɗu, Inna tana shafa fuskokin jikokinta ɗaya bayan ɗaya tana tambayar wanne ne wannan.

Motar kaya kuwa, wadda ta riga mu da kwana ɗaya, ba labari. Ta lalace bayan Mokwa, suka kwana biyu a daji suna jiran makaniki, dubu 8 da na ba yaran na abinci ta ƙare, sai direba ne ya ciyar da su, Allah Ya saka masa. Talata, ranar Arfa, da hantsi waya ta shigo: sun iso bakin kwalta. Malam ya hau babur ya je. Direba ya leƙa hanyarmu, an yi ruwa da dare, taɓo har gwiwa a wajen fadama. Ya ce wallahi ko dubu 500 za a ƙara masa ba zai sa tirela a nan ba, in ta kafe wa zai ciro ta ana gobe Sallah? Shi a wajensa gida Ringim ce. Kuma ya fi mu gaskiya. Aka sauke ƙunshi 31 a gefen titi, hadari yana haɗuwa a gabas.

Jajiberen Sallah, mutane suna azumi, kowa yana neman wuƙa da gawayi, sai ga Malam yana bin gida-gida yana roƙon masu amalanken shanu. Biyu aka samu, suka yi sawu biyar, dubu 3 kowane sawu. Kayan da suka yi tafiyar kusan kilomita 1,000 lafiya, a kilomita 7 na ƙarshe madubin sif ya fashe, ƙafar gado ta karye, ƙunshi mai lamba 19 ya faɗa ruwa da littattafan yara a ciki. Sawun ƙarshe ya shigo ana kiran magariba. Na tsaya a ƙofa da littafi ina soke lambobi, matan gida suna ta kallona suna ƙus-ƙus, wai 'yar Kurmi ta zo da boko.

Bayan Sallah na ce a buɗe ɗakin hatsi. Buhu huɗu na gani. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce ambaliya ta cinye amfanin bara, iyalinsa da Inna ba su da abin kai wa baki a bazara, ya ara biyu zai mayar da kaka. Me zan ce? Uwar mijina ce ta ci. Da ni ce a wurinsa da abin da zan yi ke nan. Laifin lissafina ne da na ajiye hatsi a gidan da ke da yunwa na rubuta shida. Ban da haka, tukunyata ba ta mutum takwas ba ce kamar yadda na auna. A gidan gado ba ka dafawa ka rufe ƙofa, kwanon Inna daban, 'ya'yan faccaloli suna zagaye da murhu. Buhu huɗu suka kai mu tsakiyar Agusta da ƙyar, sauran makonnin muka shiga awo da kwano, a farashin da ya kusa ninka na Nuwamba.

Waɗannan watanni uku su ne tashin na gaskiya. Taki ya yi tsada, Malam buhu ɗaya ya iya saye ya haɗa da na gargajiya. Kuɗin huɗa da na 'yan ƙwadago a noman fari, ba ko ɗaya a littafina, don na ɗauka gona aikin Malam ce, na manta aljihu ɗaya ne. Yara huɗu suka kwanta zazzaɓi bi da bi, ga gudawa ta canjin ruwa, kowace tafiya asibitin Ringim kuɗin babur ne zuwa da dawowa kafin a zo ga magani. Uwar adashi tana kira. Na kafa kasko, sai na tarar ƙauyen yana da masu ƙosai uku, kuma a nan na naira 50 ake saye, rabi ma bashi. Keken ɗinki ne ya riƙe mu da facin kaya da ɗinkin 'yan makaranta. Da makarantu suka koma sai da muka sayi tsohon keken hawa, don sakandaren tana da nisa. Yaran kuma suna shan tsokana, wai Hausarsu ta Yarbawa ce, autana ya dawo yana kuka an ce masa ɗan Kurmi.

Akwai daren da na tara komai a shafin ƙarshe. Dubu 980 da 'yan kai. Motar kaya da duk 'yan uwanta, wadda ita ce kaɗai Malam ya hango a farko, ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Na miƙa masa littafin a hasken fitilar sola, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Da dubu 300 ɗina muka taho, da yanzu muna ina?" Na ce, "Muna Mokwa." Ya yi dariya har da tari.

A watan Satumba yara suka ci tumu karo na farko a rayuwarsu, suka ƙona baki suna ta santi. Gero ya shiga rumbu, Yaya ya mayar da buhu ɗaya, ɗayan ban ƙara tayar da maganarsa ba. A gefen gonar Malam na sa an shuka min zoɓo layi shida. Ni da na shekara ina sayensa gwangwani-gwangwani a kasuwar Bodija ta Ibadan, sai ga ni ina ɓarzarsa a tabarma ina auna wa 'yan sari.

Littafin yana nan a ƙasan akwati, shafin masu bashi ne kawai nake buɗewa. Watan jiya ina tankaɗe waya ta yi ƙara, alat na naira 4,500. Can sai ga kira, wata mai shago ce a layinmu na da, wadda ta karɓi ƙosan sadakar mahaifinta ba ta biya ba. Ta ce abin yana damunta duk lokacin da ta wuce ƙofar gidan ta ga ba hayaƙi. Muka daɗe muna hira da Yarbanci, matan gida suna dariya. Da muka gama na goge hannu a zani, na ɗauko biro na soke sunanta. Saura mutum tara.